Giuseppe Verdi (1813–1901): Rayuwarsa da Gwagwarmayarsa a Dandamalin Ofera

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun sha nanata cewa rubutaccen wasa ba ya cika wasa sai an ɗora shi a kan dandamali, 'yan wasa sun aiwatar da shi, 'yan kallo kuma sun gani da idonsu. Sai dai tsakanin alƙalamin marubuci da idon mai kallo akwai hannuwa da yawa. Akwai mai gidan wasa da ke neman riba, akwai hukuma da ke tace abin da za a nuna, ga kuma 'yan wasa, kowa da irin nasa buri. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya gyara wasa, yana kuma iya ɓata shi. Wannan babi zai kawo tarihin Giuseppe Verdi, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Italiya, wanda ya shafe shekara 54, daga 1839 zuwa 1893, yana fafutukar ganin abin da ya tsara shi ne abin da ya isa ga 'yan kallo. Za a dubi haihuwarsa da karatunsa da ayyukansa, tare da mai da hankali a kan yadda aka gabatar da manyan wasanninsa na ban-tausayi a tsofaffin gidajen wasa na Milan da Benis da Alƙahira.

1.1 Ma'anar Ofera

Ofera wani nau'in wasan kwaikwayo ne wanda 'yan wasa ke rera dukkan maganganunsu cikin waƙa, ayarin makaɗa kuma na raka su daga farkon wasa har ƙarshensa. Ta samo asali ne a birnin Fulorens na Italiya wajen shekarar 1600. Da farko a fadojin sarakuna kawai ake yin ta, har zuwa shekarar 1637 da aka buɗe gidan ofera na farko a birnin Benis wanda kowa ke iya biyan kuɗi ya shiga. Mutum biyu ne kan samar da ofera: marubucin matani, wanda ke tsara labari da baitoci, da kuma mai tsara kiɗa, wanda ke sanya wa baitocin murya da amo. A al'adance, sunan mai tsara kiɗa ake jingina wa wasan. Ofera ta kasu kashi biyu manya, wato ta ban-dariya da ta ban-tausayi, wadda kan ƙare da mutuwa ko halakar tauraro. A kashi na biyun ne Verdi ya yi fice.

2.0 Haihuwarsa da Tashinsa

An haifi Verdi a watan Oktoba na shekarar 1813 a wani ɗan ƙauye mai suna Le Roncole, kusa da garin Busseto a yankin Parma, arewacin Italiya. A lokacin yankin na ƙarƙashin mulkin Faransa, don haka da Faransanci aka rubuta takardar haihuwarsa. Mahaifinsa, Carlo Verdi, yana da ɗan masaukin baƙi da kanti, mahaifiyarsa Luigia Uttini kuwa sana'arta kaɗi. Iyayen ba attajirai ba ne, amma da suka lura da yadda yaron ke ƙaunar kiɗa sai suka saya masa wani tsohon abin kiɗa mai kama da fiyano. Makaɗin majami'ar ƙauyen ne ya fara koya masa kiɗan ogan, kuma tun yana yaro ya soma riƙe wannan aiki a majami'ar.

A shekarar 1823 aka tura shi makaranta a Busseto. A can ya yi karatun kiɗa a wurin Ferdinando Provesi, ya kuma haɗu da mutumin da ya zame masa uba na biyu, wato Antonio Barezzi, wani ɗan kasuwa mai sha'awar kiɗa. Barezzi ya ɗauke shi ya ajiye a gidansa, ya kuma ɗauki nauyin wani ɓangare na karatunsa.

3.0 Neman Ilimi a Milan

A shekarar 1832 Verdi ya nemi shiga babbar makarantar kiɗa ta birnin Milan, amma aka ƙi karɓarsa. Shekarunsa 18 sun zarce ƙa'idar shiga, shi ba ɗan yankin ba ne, sannan malaman ba su gamsu da yadda yake ɗora hannu a kan fiyano ba. Wannan bai sa ya koma gida ba. Ya zauna a Milan yana ɗaukar darasi a wurin Vincenzo Lavigna, tsohon makaɗi a gidan wasa na La Scala, wanda ya horar da shi a kan ƙa'idojin tsara kiɗa, ya kuma sa shi ya riƙa zuwa kallon wasanni a kai a kai. Abin lura a nan shi ne, makarantar da ta ƙi shi sunansa take ɗauke da shi a yau.

A shekarar 1836 ya koma Busseto aka naɗa shi malamin kiɗa na gari, ya kuma auri Margherita, 'yar Barezzi. Sun haifi 'ya'ya biyu, Virginia da Icilio.

4.0 Shekarun Jarrabawa

An buɗe gidan wasa na La Scala a shekarar 1778, kuma duk mai tsara kiɗa a Italiya burinsa a nuna aikinsa a can. Verdi ya sami wannan dama ranar 17 ga Nuwamba, 1839, da wasansa na farko mai suna Oberto. Wasan ya sami karɓuwa daidai gwargwado, har ɗan kwangilar gidan, Bartolomeo Merelli, ya ba shi aikin wasu wasannin.

Sai dai wannan nasara ta zo masa cikin makoki. Virginia ta rasu a 1838, Icilio ya bi ta a watan Oktoba na 1839, kowannensu bai kai shekara biyu ba. A watan Yuni na 1840 kuma Margherita ta rasu tana da shekara 26. Cikin wannan hali ne kwangila ta tilasta masa ya kammala wasan ban-dariya mai suna Un giorno di regno. Da aka nuna shi ranar 5 ga Satumba, 1840, 'yan kallo suka yi masa ature, aka janye shi bayan dare ɗaya. Verdi ya karaya ƙwarai, har ya yi niyyar barin sana'ar.

Merelli ne ya lallashe shi da wani matani na Temistocle Solera a kan Sarki Nebukadnezar na Babila da zaman bautar Bani Isra'ila. Daga nan aka sami Nabucco, wanda aka fara nunawa a La Scala ranar 9 ga Maris, 1842. Ya yi farin jinin da ya sa aka maimaita shi sau 57 a kakar wasanni ta ƙarshen shekarar. A cikinsa akwai waƙar bayi masu begen ƙasarsu, wadda daga baya Italiyawa suka ɗauke ta tamkar taken kishin ƙasa, kodayake binciken masana tarihi ya nuna cewa wannan fassara ta yi ƙarfi ne bayan wasu shekaru. Zabiyar da ta fito a babban matsayi na wasan, Giuseppina Strepponi, ita ce ta zama abokiyar zamansa daga baya.

5.0 Yadda Ake Shirya Ofera a Zamaninsa

Domin a fahimci gwagwarmayar Verdi, ya dace a san yanayin da ya tarar. Babbar kakar wasanni kan fara ne ranar 26 ga Disamba. Ɗan kwangila shi ke ɗaukar mawaƙa tun kafin a rubuta wasa, sannan a umurci mai tsara kiɗa ya ɗinka wa kowane mawaƙi waƙa daidai da muryarsa, kamar yadda tela ke auna riga. Fitattun mawaƙa kan cire waƙar da ba su so, su sa wadda suka ga dama ko da daga wani wasan daban ce. Lokacin gwaji makonni kaɗan ne. Zauren 'yan kallo kuwa akan bar fitilunsa a kunne, manyan gari na zaune a ƙananan ɗakunan da aka jera hawa-hawa a jikin bango, suna hira da ziyartar juna yayin da wasa ke gudana.

Bayan wannan akwai hukumomin tace wasanni. A lokacin Italiya ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Milan da Benis na hannun Ostiriya, Rum na hannun Fafaroma, Napoli kuma na da nata sarki. Kowace hukuma sai ta karanta matani kafin a rera shi, ta soke duk abin da ta ga ya taɓa sarauta ko addini ko ɗa'a.

Verdi ya soma sauya wannan tsari ne a hankali, gwargwadon yadda sunansa ke ƙara nauyi. A lokacin shirya Macbeth, wanda ya ɗauko daga wasan Shakespeare aka kuma nuna a Fulorens a 1847, ya sa baki a kan sutura da haske da yadda fatalwa za ta bayyana a dandamali. Zabiyar wasan ta ba da labarin cewa ya sa an gwada waƙa guda fiye da sau 150. Da za a kai wasan Napoli, ya nuna rashin amincewa da wata zabiya saboda muryarta ta cika zaƙi, alhali matar Macbeth muguwa ce, kamata ya yi a ji mugunta a muryarta. Haka kuma ya riƙa sa sharaɗi a kwangilarsa da kamfanin ɗab'i na Ricordi cewa duk gidan wasan da ya sauya masa aiki zai biya tara.

6.0 Gidan La Fenice da Wasan Rigoletto

La Fenice shi ne babban gidan ofera na Benis, an kuma buɗe shi a 1792. Ma'anar sunan ita ce wani tsuntsun almara wanda kan ƙone ya sake tashi daga tokarsa. Sunan ya bi gidan, domin ya ƙone a 1836 aka sake gina shi cikin shekara guda. Wasannin Verdi biyar ne aka fara nunawa a can: Ernani a 1844, Attila a 1846, Rigoletto a 1851, La traviata a 1853, da Simon Boccanegra a 1857.

Verdi da marubucinsa Francesco Maria Piave sun ɗauko labarin Rigoletto ne daga wani wasa na Victor Hugo wanda gwamnatin Faransa ta haramta a 1832 bayan nuni ɗaya. Labarin wani wawan sarki ne mai doro, wanda ke taya ubangidansa lalata da 'ya'yan mutane, yana yi wa iyayensu ba'a, amma ya ɓoye tasa 'yar, Gilda. Ƙarshe dai ubangidan ya yaudare ta. Wawan ya yi hayar makashi don ɗaukar fansa, sai ga shi gawar da aka miƙo masa cikin buhu ta 'yarsa ce, wadda ta ba da ranta don ceton mutumin da ya cuce ta.

Hukumar Ostiriya ta hana wasan baki ɗaya. Ba ta yarda a nuna sarki fasiƙi ba, ba ta son tauraro mai doro, ba ta kuma son gawa cikin buhu. A nan aka ga hikimar Verdi wajen bambance abin da za a iya sadaukarwa da wanda ba za a iya ba. Ya yarda a mai da Sarkin Faransa wani basaraken Mantuwa, a kuma sauya sunaye. Amma ya dage a kan doro da buhu da fasiƙancin basaraken, domin jigon wasan ya rataya ne a kan cewa mummunar halitta na ɗauke da zuciyar uba mai ƙauna, kyakkyawar fuska kuma na ɗauke da mugunta. An nuna wasan ranar 11 ga Maris, 1851, ya kuma sami gagarumar nasara.

7.0 La traviata: Faɗuwa da Tashi

Bayan Il trovatore, wanda aka nuna a Rum a watan Janairu na 1853, Verdi ya koma La Fenice da wasan da ya fi kowanne jawo masa ce-ce-ku-ce. An ɗauko La traviata, wato wadda ta kauce hanya, daga littafin Alexandre Dumas ƙarami na 1848, wanda aka mayar wasan kwaikwayo a 1852. Shi kuwa Dumas ya gina labarinsa ne a kan rayuwar Marie Duplessis, wata sananniyar kilaki ta birnin Paris da tarin fuka ya kashe a 1847 tana da shekara 23.

Tauraruwar wasan ita ce Violetta, kilakin da attajirai ke rububi, wadda ke fama da tarin fuka. Wani saurayi ɗan mutunci, Alfredo, ya kamu da son ta, ta bar tsohuwar rayuwarta suka koma ƙauye, tana sayar da kayanta a ɓoye don ta riƙe gidan. Sai mahaifin Alfredo, Germont, ya zo ya roƙe ta ta rabu da ɗansa, domin zamansu na neman ɓata auren ƙanwar Alfredo. Violetta ta amince, ta kuma ɓoye dalili. Alfredo ya zaci cin amana ne, ya tozarta ta a bainar jama'a ta hanyar watsa mata kuɗi. Ko da gaskiya ta bayyana, ya dawo neman gafara, ciwo ya riga ya cinye ta, ta cika a hannunsa.

Abin da Verdi ya nufa shi ne 'yan kallo su ga kansu a dandamali. Don haka ya nemi 'yan wasa su sa irin suturar zamanin, wato irin wadda masu kallo suka sanyo a daren. Hukumar gidan ta ƙi, ta mai da labarin baya zuwa wajen shekarar 1700, aka sa wa maza gashin aro da rigunan dā. Da wannan sauyi aka rage kaifin wasan, domin laifin da yake nunawa ya koma na mutanen da suka shuɗe. Wasu manazarta na ganin batun ya taɓa Verdi kai tsaye, domin a lokacin yana zaune da Strepponi ba tare da aure ba, mutanen Busseto kuma sun ƙaurace mata. Sai a 1859 suka yi aure.

Matsala ta biyu ita ce zaɓen 'yan wasa. Verdi ya nemi a sauya zabiyar da aka tanada, Fanny Salvini-Donatelli, amma wa'adin yin haka ya wuce. Gwana ce a waƙa, sai dai shekarunta 38, ga ta da jiki, ba ta yi kama da yarinyar da ciwo ya rame ba. A daren 6 ga Maris, 1853, an tafa mata a kashi na farko. Daga kashi na biyu al'amari ya soma lalacewa, domin mazan biyu da suka fito a matsayin Alfredo da Germont ba su taka rawar gani ba. An ruwaito cewa a kashi na ƙarshe, inda ya kamata a zubar da hawaye, dariya aka yi. An ci gaba da nuna wasan har wasu darare, amma Verdi ya ɗauke shi a matsayin faɗuwa.

Bai ɗora wa 'yan kallo laifi ya zauna ba, bai kuma yar da wasan ba. Ya hana a nuna shi a ko'ina sai an sami 'yan wasan da suka dace, ya kuma yi wa wasu sassa gyara, musamman a kashi na biyu da na uku. Ranar 6 ga Mayu, 1854, aka sake nuna shi a wani gidan wasa na Benis ɗin dai, San Benedetto, da wata matashiyar zabiya mai suna Maria Spezia. Birnin da ya yi dariya bara shi ya yi kuka bana. Suturar zamani kuwa sai a shekarun 1880 aka fara amfani da ita. A yau La traviata na cikin wasannin ofera da aka fi nunawa a duniya. Lokacin da La Fenice ya sake ƙonewa ranar 29 ga Janairu, 1996, aka gina shi aka buɗe a ƙarshen 2003, La traviata ce ofera ta farko da aka ɗora a sabon dandamalinsa a watan Nuwamba na 2004.

8.0 Verdi da Siyasar Ƙasarsa

Rikicinsa mafi tsanani da masu tace wasanni ya faru ne a Napoli a 1858, a kan wani wasa da ya ƙunshi kisan Sarki Gustav na Uku na Suwidin a wurin rawa a 1792. A watan Janairu na wannan shekara aka yi yunƙurin kashe Sarkin Faransa Napoleon na Uku, don haka hukuma ta nemi a sauya kusan komai na labarin. Verdi ya janye aikinsa, magana ta kai kotu, daga baya aka sasanta. Ya kai wasan Rum, inda aka yarda da shi bisa sharaɗin a fitar da labarin daga Turai. Sai aka mai da sarkin gwamnan Boston ta Amurka a zamanin mulkin mallaka, aka nuna wasan da sunan Un ballo in maschera ranar 17 ga Fabrairu, 1859.

A wannan lokaci ne masu fafutukar haɗa kan Italiya suka riƙa rubuta sunansa a bango, domin haruffansa biyar sun dace da farkon kalmomin da ke nufin Vittorio Emanuele Sarkin Italiya. Da aka kafa ƙasar a 1861, Firayim Minista Cavour ya matsa masa ya tsaya zaɓe, ya zama ɗan majalisa har zuwa 1865. A 1874 aka naɗa shi sanata. Duk da haka ya fi son zama a gonarsa ta Sant'Agata kusa da Busseto, inda yake kula da noma da kiwo da kansa.

9.0 Aida a Alƙahira da Milan

Mai mulkin Masar, Khedive Isma'il, ya gina gidan ofera a Alƙahira, aka buɗe shi da Rigoletto ranar 1 ga Nuwamba, 1869, cikin bukukuwan buɗe mashigin ruwa na Suwez. Daga nan ya nemi Verdi ya tsara sabon wasa a kan tsohuwar Masar, a kan ladan faran 150,000. Masanin kayan tarihi Auguste Mariette ne ya samar da ƙashin labarin, Antonio Ghislanzoni ya rubuta baitoci.

Aida gimbiyar Habasha ce da aka kama baiwa a fadar Fir'auna. Tana son Radames, sarkin yaƙin Masar, wanda ita ma 'yar Fir'auna ke so. Mahaifin Aida ya sa ta tatso sirrin yaƙi daga bakin masoyinta, aka yanke wa Radames hukuncin binnewa da rai, ita kuma ta riga shi shiga kabarin don su mutu tare. Domin fitowa ta ƙarshe an raba dandamali hawa biyu, sama ɗakin bauta cike da haske, ƙasa kuma kabari cikin duhu. An kuma ƙera dogayen ƙahonni na musamman masu kama da kakaki don fitowar murnar cin yaƙi.

An ɗinka sutura aka kuma zana kayan dandamali a Paris, sai yaƙin Faransa da Furushiya na 1870 ya ritsa da su a cikin birnin da aka yi wa ƙawanya. Wannan ya sa aka jinkirta wasan har 24 ga Disamba, 1871. Verdi bai je Alƙahira ba. Ƙarfinsa ya sa a kan nunin La Scala na 8 ga Fabrairu, 1872, inda ya zaɓi mawaƙa, ya tsara zaman makaɗa, ya kuma tsaya a kan gwaji. Kamfanin Ricordi ya buga littafin jagora mai nuna inda kowane ɗan wasa zai tsaya da yadda zai motsa, don sauran gidajen wasa su bi. Gidan ofera na Alƙahira ya ƙone a 1971.

10.0 Ayyukan Tsufa

A 1874 ya tsara kiɗan addu'ar mamaci don tunawa da marubuci Alessandro Manzoni, daga nan ya yi shiru na tsawon shekaru har aka ɗauka ya yi ritaya. Ricordi ne ya haɗa shi da marubuci Arrigo Boito, suka koma ga Shakespeare. An nuna Otello a La Scala ranar 5 ga Fabrairu, 1887, Verdi na da shekara 73. A wannan karon shi ke da wuƙa da nama: shi ya zaɓi mawaƙa da jagoran makaɗa, ya kuma riƙe ikon janye wasan ko da bayan gwajin ƙarshe ne idan bai gamsu ba. Ranar 9 ga Fabrairu, 1893, yana da shekara 79, ya rufe aikinsa na dandamali da Falstaff, wasan ban-dariya, a gidan da aka yi wa wasansa na ban-dariya na farko ature shekara 53 da suka gabata. Jimillar wasanninsa na ofera 28 ne, idan an haɗa da biyu da ya sake wa fasali da suna.

11.0 Ayyukan Alheri da Rasuwarsa

Verdi ya tara dukiya, ya kuma yi amfani da ita. Ya gina asibiti a Villanova kusa da gonarsa, aka buɗe a 1888. Ya kuma gina gidan hutu na tsofaffin mawaƙa da makaɗa marasa galihu a Milan, wanda aka kammala a 1899, ya yi wasiyyar a riƙa ciyar da shi daga kuɗin da wasanninsa ke samarwa. Gidan ya karɓi baƙinsa na farko a 1902.

Giuseppina ta rasu a 1897. Ranar 21 ga Janairu, 1901, Verdi ya sami shanyewar jiki a masaukinsa na Milan. Mutanen birnin suka shimfiɗa ciyawa a kan titi don kada ƙarar kofaton dawaki da kekunan doki ta dame shi. Ya rasu ranar 27 ga Janairu, yana da shekara 87. An yi masa jana'iza mai sauƙi kamar yadda ya yi wasiyya. Bayan wata guda aka mai da gawarsa da ta matarsa gidan hutun da ya gina, dubban ɗaruruwan mutane suka raka, Arturo Toscanini kuma ya jagoranci mawaƙa wajen 800 suka rera waƙar bayi ta cikin Nabucco.

12.0 Kammalawa

Tarihin Verdi ya nuna cewa gabatar da wasa wani ɓangare ne na ƙirƙirarsa. La traviata ta 1853 da ta 1854 kusan matani ɗaya ne, a birni ɗaya, amma zaɓen 'yan wasa da kyakkyawan shiri suka bambanta sakamakonsu. Rigoletto kuma ya nuna cewa wanda ya san jigon wasansa yana iya sassautawa a kan suna da wuri ba tare da ya rasa saƙonsa ba. Ɗalibin da zai zama malami, wanda wata rana za a damƙa masa shirya wasa a makaranta, zai tarar da irin waɗannan matsaloli daidai girman dandamalinsa: wa ya dace da wane matsayi, wace sutura ce za ta isar da saƙo, sau nawa za a yi gwaji, me za a iya cirewa idan hukumar makaranta ta nema. Amsar kowace daga cikinsu tana komawa ne ga fahimtar jigon wasan tun kafin a hau dandamali.

Tambayoyi

1. Mece ce ofera, kuma ta yaya ta bambanta da sauran nau'o'in wasan kwaikwayo?
2. Bayyana matsalolin da mai tsara kiɗa ke fuskanta a gidajen wasa na Italiya a zamanin Verdi.
3. Waɗanne abubuwa ne Verdi ya yarda a sauya a Rigoletto, waɗanne ne kuma ya dage a kansu? Kawo dalilansa.
4. Tattauna dalilan faɗuwar La traviata a 1853 da na nasararta a 1854.
5. Zaɓi wani rubutaccen wasan kwaikwayo da ka nazarta, ka tsara yadda za ka zaɓi 'yan wasa da sutura domin fito da jigonsa.